Jan Zaren Arlis Tuttle

A garinmu Harlan Creek, idan mutum ya ce maka bindigarsa mai jan zare ce, to magana ta ƙare. Yana nufin ta bi ta hannun Arlis Tuttle, kuma ba za ka sake tambayarsa komai a kanta ba.

Arlis ɗan mai gyaran agogo ne, har ya tsufa kuwa bai bar halin gidansu ba. Ba ya gaggawa, ba ya dariya da ƙarfi, abu ƙanƙani shi ke ɗauke masa hankali. Ya yi soja shekara huɗu bai harbi kowa ba, don tun watan farko suka gane amfaninsa suka ajiye shi a ɗakin gyaran makamai. Da ya dawo gida Oklahoma ya buɗe shago tsakanin mai aski da mai sayar da abincin dabbobi, ya shekara arba'in da ɗaya a bayan kanta guda.

Bai taɓa yarda da kwali ba. Sabuwar bindiga ta zo daga kamfani da takardunta da ƙyallinta, sai ya kai ta teburinsa na baya ya bi ta gaɓa gaɓa da tocila da farce. Wadda ba ta yi masa ba ya mayar musu, su ji haushi in sun ga dama. Wadda ta yi masa sai ya ɗaura ɗan jan zare a zoben da ke kare kunamarta. Mutane kan tuƙo mil tamanin saboda wannan zaren, suna wuce manyan kantuna uku a hanya.

Ni Nadine Culpepper shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa bas ɗin makaranta, don haka na san rashin ji iri iri. Amma ban taɓa ganin inda ƙattin maza ke shiga taitayinsu kamar shagon nan ba. Ba ka taɓa abu sai ka roƙa. Ba ka jan kunama, ko da babu harsashi, sai ka nemi izini. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da wasa. Akwai wani tsohon kan barewa a kusurwa, shi ake aunawa, bawan Allah an kashe shi ya fi sau dubu goma. Babbar dokar kuma ita ce ta miƙo. Mai bayarwa ya buɗe bindigar ya duba ya nuna maka babu komai a ciki, kai ma da ka karɓa ka sake buɗewa ka duba da idonka.

"Ko ubanka ne ya miƙo maka, duba," in ji Arlis. "Ko fasto ne da Littafi a ɗaya hannun. Ba zagi ba ne."

Mutum ɗaya tak ya taɓa ɗauke wa wannan doka, shi ne Royce Ledbetter, mijin 'yarsa tilo Corinne. Royce na sani tun yana zama kujerar baya a bas ɗina yana cin gyaɗa yana ɓoye ɓawon. Bayan aurensu ya shiga shagon, Arlis ya juye masa duk abin da ke kansa. Wata rana, bayan shekara goma, Royce ya duba wata bindiga ya miƙa masa, Arlis ya karɓa ya sa a akwatin gilashin kanta haka nan bai buɗe ba. Tsofaffin da ke zaman shan kofi a bencin ƙofa suka kalli juna.

"Arlis, tsufa ya zo ke nan," in ji Hoyt Bledsoe, wanda bakinsa ba ya ajiye magana. "Ka manta dokarka."

"Ban manta ba. Idon ɗana idona ne."

Royce ya yi jajir har kunne. An fi yin zancen wannan rana a gari fiye da zancen bikinsu, kuma ni da na toya wainar bikin ban ji haushi ba.

Shekarar da mijina Vernon ya rasu na zauna ni kaɗai a gona, mil goma sha biyu daga gari. Karnukan jeji suka sa wa kajina ido, macizai suka mayar da rumbu nasu. Doguwar bindigar Vernon kuwa in na harba ta sau ɗaya, kafaɗata sai ta yi mako tana zagina. Wata Asabar da safe, ana saura sati biyu a buɗe farautar barewa, na shiga shagon neman ƙaramar bindigar hannu, wato libarba. Wurin cike yake. Arlis na zaune kan doguwar kujerarsa da tabarau mai kauri, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, kowa ya sani, ba mai faɗa.

"Mis Nadine!" in ji Royce. "Wa ya taɓo ki har kika zo sayen makami? Faɗa mini sunansa in yi masa ta'aziyya tun yanzu."

"Kai ne, ɓawon gyaɗar nan har yau ban yafe ba. Ba ni wadda tsohuwa za ta iya riƙewa."

Ya ciro wata baƙa mai cin harsashi shida daga kwalinta, jan zare na lilo a jiki. Ya buɗe gangar harsashin, ya duba, ya nuna mini, ya miƙo. Na duba ramukan kamar yadda aka saba, na auna barewar kusurwa, na ji ta zauna mini a hannu daram.

"Ta yi. Mai zare ce ai, kawo takardun in cika."

"Nadine," in ji Arlis daga kujerarsa, "duba ta."

"Haba Mista Arlis, bayan kai?"

"Zarena bai cire miki ido ba. Kajinki kike saya a buhu?"

"Baba, bar ta mana," in ji Royce yana dariya. "Ga layi har ƙofa."

"Layi ya jira. Ba ta tocila."

Da na san abin da zan gani, Allah na gani da na ce tabarauna na mota. Amma na karɓi tocilar, na bi yadda Arlis da kansa ya koya mini ranar da muka zo da Vernon shekaru da yawa baya. Na fara da kawunan sukurori, sai na ga ɗaya ya ɗan tauje, alamar sukundireba ta zame a kai. Na juya gangar, ga siririn layi ya zagaye ta ya yi haske, irin wanda ba ya fitowa sai an sha juyawa. Na haska gindin bututun, daidai inda harsashi ke tsallakawa daga ganga, sai ga wata 'yar tsaga kamar silin gashi.

Na ɗauka kuskuren tsohon ne, idon ne ya ci amanarsa, kuma ga ni zan tona shi a gaban rabin gari. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Mista Arlis, ko dai idona ne? Taɓa nan ka ji."

Ya karɓa, ya duba ramukan, sannan ya zura farcen ɗan yatsansa a gindin bututun. Na ga farcen ya tsaya a tsagar. Yatsunsa suka gangaro zuwa zaren, suka murza ƙullin sau ɗaya, sau biyu. Ashe shi ƙulli biyu yake yi, na biyun a juye, irin na ubansa, wannan kuwa ba ƙullinsa ba ne. Shekara arba'in muna kallon zaren nan ba wanda ya lura.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Hoyt ya ajiye kofinsa a ƙasa.

"Baba, mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan ka so sayar da ita, a nan za ka faɗa."

Royce ya share goshi. Ya ce wani ne daga wata gunduma ya saya, ya yi sati biyu da ita ya dawo da ita wai ba ta yi masa ba. Ya goge ta ya mayar kwali. Ya rantse bai ga tsagar ba.

"Ban tambaye ka tsaga ba. Ka san an yi harbi da ita, ka ce wa matar Vernon sabuwa ce. Da ta fashe mata a hannu, ita kaɗai a gona, wa zai ji?" Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. "Guda nawa ka ɗaura wa zarena?"

"Ban ƙirga ba. Tun bazarar bara." Sai kuma abin ya ɓalle masa. "Idonka ya tafi, Baba! Kowa ya sani, kai kaɗai ne ba a gaya wa ba. Kwana uku kake yi kan bindiga ɗaya, mutane na gajiya su wuce birni. In ban ɗaura ba, ba mai saya. Zare ai zare ne!"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yaron da na ɗauka a bas ina rana ina ruwa, ya kalli tsabar idona ya yi mini barkwanci yana miƙo mini abin da zai iya cire mini yatsu. Amma nawa mai sauƙi ne. Shi Arlis ba gona gare shi ba, ba ɗa namiji, sunan nan kaɗai ya tara, kuma wanda ya ba ajiyarsa shi ya yi ta gutsura yana sayarwa.

Ya sauka daga kujera, ya ɗauki almakashi, ya bi gilasan ɗaya bayan ɗaya yana lalube yana yanke zaren. Har nasa na gaskiya bai bari ba. Kafin rana ta yi tsaka ya liƙa takarda a taga, da rubutunsa da ya fara karkacewa, cewa duk wanda ya sayi mai jan zare tun bazarar bara ya kawo a sake dubawa.

Sati shida ana kawowa. Yawancinsu lafiya lau suke, uku ne kawai suka nuna matsala. Amma ɓarna ta riga ta auku. Yanzu in mutum ya ce tasa mai zare ce, sai wani ya ce, "Zaren wa?" a yi dariya. Arlis bai sake ɗaura ko ɗaya ba. Bai kori Royce ba, saboda Corinne da jikokinsa uku, kuma ranar Lahadi kujera ɗaya suke zama a coci kamar da.

Bayan an rufe farauta na koma, don karnukan jeji ba su san ana rigima a gari ba. Shagon ba kowa sai Hoyt da kofinsa. Arlis ya ce shi zai zaɓa mini da kansa.

"Royce, miƙo mini ta layin sama, ta biyu."

Royce ya ciro ta da sauri. Ya buɗe gangar, ya duba, ya ɗaga ta ga haske ya sake dubawa, ya nuna, ya miƙa da hannu biyu. Shekara goma sha biyu ke nan duk abin da ya fito daga wannan hannun Arlis karɓa kawai yake yi.

Ya karɓa. Ya kawo ta dab da tabarausa, ya tura gangar waje, ya sa ɗan yatsa a rami na farko. Ya juya, ya sa a na biyu. Abin da kowa ke yi wa kowa ne a shagon nan, ba zagi ba ne, shi ma ya sha faɗa. Amma Hoyt ya tashi ya fita bai ƙarasa kofinsa ba.

"Baba," in ji Royce, "babu komai a ciki."

"Na ji ka," in ji Arlis, ya juya gangar ya sa yatsa a rami na uku.