Dokta Bukar, Malamin Ƙashi

Da yake an katse layukan waya a Maiduguri, da baki labarin ya same ni. Na sauka daga keke a Bulumkutu ke nan sai wani tsohon ɗan ajinmu ya kama hannuna ya ce, "Dokta Bukar ya rasu da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mana ƙasusuwa da gaɓoɓin jikin mutum, daga baya na yi aiki a ƙarƙashinsa a asibiti. Babarbare ne, harshensa bai taɓa yarda da harafin "ƙ" ba, don haka duk lokacin da ya ambaci ƙashi sai aji ya ɗauki dariya. Yakan jira mu gama, sannan ya ce, "Ku Kanawa ku riƙe lafazin, ni ku bar mini ilimin." Ƙwarangwal ɗin da yake koyarwa da shi kuwa, ba ya barin kowa ya yi wasa da shi. "Wata ce ta haife shi," in ji shi.

Ranar da bam ya tashi kusa da kasuwa, an kawo mana gawarwakin da wuta ta cinye har ba a gane su. An shirya binne su tare bayan la'asar. Wata dattijuwa daga Umarari, Ya Falmata, ta zo neman ɗanta Modu. Shaidarta ɗaya ce: ya taɓa karyewa a hannu yana yaro, maɗori ya ɗora shi. Da yake mun saba da ma'anar hannu a Turancin littafi, muka duba tafi, yatsu da tsintsiyar hannu kawai na kowace gawa, ba mu ga komai ba. Muka ba ta haƙuri.

Dokta ya iso, ya tsuguna gabanta.

"Ya Falmata, nuna mini a jikinki."

Ta dafa damtsenta na hagu, dab da kafaɗa. "Nan ne, Likita. Daga kan katanga ya faɗo, ɗan ƙiriniya."

Ya juyo gare mu ba tare da faɗa ba. "A bakin mutanenmu, hannu daga kafaɗa yake farawa har farce. Kada ku tsaya ga kalma, ku sa a nuna muku."

Da kansa ya bi gawarwakin yana lalubawa, har yatsunsa suka tsaya kan kumburin tsohon ɗori. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka tabbatar. Kafin la'asar Ya Falmata ta tafi da ɗanta, aka yi masa sutura a gida, aka sallace shi da sunansa.

Da yawa sun bar garin nan, ba kuma na ganin laifinsu. Shi ya zauna, kuma ina alfahari da cewa a hannunsa na koya.

Allah Ya jiƙan Dokta Bukar, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Hajja Yagana da yaransu haƙuri, Ya zame musu gata, Ya dawo wa Borno da zaman lafiya. Amin.