Sola da Bedin Ƙofar Gidan Hashimu

Hashimu taubashina ne, ɗan kawuna Malam Yahaya, saboda haka ina da damar faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi ma ya san da haka. Tare muka tashi a Ƙofar Kwaya, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ya zauna ya gama cin tuwo wuri ɗaya ba. Sai ya kai loma ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo. Ya girma, ya yi aure, ya tara 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma ƙafar nan har gobe ƙaiƙayi take yi masa.

Sana'a kam babu wadda bai taɓa ba. Ya koyi ɗinki ya bari, wai keke na cinye masa baya. Ya zauna rumfar yadi a Babbar Kasuwa, ya ce jiran mai saye aikin marasa jini a jika ne. Ya yi kiwon kaji, cuta ta bi ta share su. Daga ƙarshe ya sayi babur ya shiga acaɓa, ita kaɗai ce ta ɗan daɗe a hannunsa, don ita ce sana'ar da ba a zama. Kowace sana'a kuwa da lissafinta take zuwa. Hashimu ba ya riƙe biro. A yatsu yake yi, da ƙarfi, a gaban jama'a, kuma a lissafinsa ba a taɓa faɗuwa ba.

Abu ɗaya ne ya san zama a gidan nan, shi ne bedin ƙofar gida, itacen da Kanawa ke ce wa darbejiya. Kawu Yahaya ya dasa shi a shekarar da aka haifi Hashimu, a arewa da zaure, ya riƙa ba shi ruwan alwalarsa har ya kama. Sa'an Hashimu ne ke nan, amma ya fi shi natsuwa nesa ba kusa ba. A ƙarƙashinsa majalisar unguwarmu take. Nan ake sulhu, nan ake karɓar gaisuwar rasuwa, nan aka ɗaura auren rabin 'yan matan layin. Babbanmu shi ne Baba Isiyaku, aminin marigayi Kawu, wanda idanunsa suka yi rauni har sai da sanda yake fitowa. Kullum da hantsi zai biyo bango, ya laluba ya dafa gindin bedin, ya zauna ya jingina, ba zai tashi ba sai kiran salla.

Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, acaɓa ta koma wahalar banza. Ana cikin haka wani saurayi mai suna Jamilu, wakilin wani kamfanin sola, ya fara zagaya unguwa. Ya ce za a kafa wa mutum faranti huɗu masu zuƙar hasken rana, da batir, da firiza, ya ba da kuɗin kafin alƙalami, sauran ya riƙa biya wata-wata. Ya kuma faɗi gaskiya bai ɓoye ba: watan da ba a biya ba, daga ofishinsu za su kulle na'urar, in abin ya yi tsawo su zo su kwashe kayansu, abin da aka riga aka biya kuwa ya tafi.

Mu dai saurare kawai muka yi. Hashimu kuwa tuni ya miƙe, yatsu sun fara aiki. Matarsa Haulat za ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Yara su yi karatu da fitila. A yi cajin waya a zaure. Ba mai, ba ƙarar inji, ba jiran a kawo wuta. In azumi ya zo cikin zafi, ƙanƙara kaɗai za ta biya rabin shekara.

Na ce, "To ranar da rana ba ta fito ba fa?"

Ya ce, "A Katsina? Haba Nasiru! Rana ita ce abin da Allah Ya ba mu kyauta har ta yi mamu yawa. Ni zan fara sa ta aiki."

Na ce, "Kai da ba ka iya zaman wata uku kan abu guda, za ka ɗauko abin shekaru?"

Bai ko saurare ni ba. Kafin mako ya zagayo ya sayar da babur, ya kai wa Jamilu.

Inda za a kafa farantan bai zama abin gardama ba. Ɗakunan cikin gida soraye ne na ƙasa, tun ginin kakanmu, ba a buga musu ƙarfe. Ban da haka, namiji ba ya hawa can sai an aika gida-gida an ce mata su shiga ɗaki, abin da za a riƙa yi ke nan duk ranar da za a goge faranti. Zaure ne kaɗai mai rufin kwano. Hashimu ya ƙara da wata dabara da ya ji daɗinta ƙwarai: a kan zaure idon majalisa na kan kayan tun safe har isha, ya samu masu gadi kyauta. Jamilu ya zo da tsakar rana, ya ɗaga kai ya dubi bedin, ya ga inuwarsa kwance can a titi, rufin zaure kuwa rana fal. Ya ce wuri ya yi.

Lokacin sanyi ne. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar nan ya san inuwar bedin tafiya take yi. Da sanyi tana miƙewa titi, mu bi ta da tabarmi. In zafi ya kama, rana ta dawo tsakiyar kai, sai inuwar ta janyo jiki ta lulluɓe zaure, mu ma mu dawo jikin bango. Shekara da shekaru haka muke jan tabarmi. Jamilu bai sani ba, ba ɗan unguwa ba ne. Hashimu kuwa da aka haifa a gidan, ina ya taɓa zama har ya ga inuwa ta motsa?

Watannin farko sola ta yi aiki kamar me. Firiza na daskarar da ruwa kamar dutse, sai dai wa zai sayi ƙanƙara ana hura wuta a ɗaki? Hashimu ya riƙa haɗa kuɗin cajin waya da ragowar kuɗin babur yana biya, yana cewa a bari azumi ya zo a gani.

Azumi ya zo da zafinsa, mu kuma muka ja tabarmi zuwa jikin bango. Ranar uku ga wata na shiga gaida Haulat, na tarar da ita tsaye gaban firiza da leda a hannu tana girgizawa.

Ta dubi Hashimu ta ce, "Baban Fadila, wannan fa ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba. Mutane sun aiko tun azahar, me zan ce masu?"

Hashimu ya buɗe firiza ya rufe, ya sake buɗewa, ya duba waya, ya bubbuga batir, ya fita, ya dawo. Aka kira Jamilu. Yaron ya tsaya a titi ya ɗaga kai, sai na ga ya cire hula ya share gumi. Faranti uku cikin huɗu suna kwance cikin inuwa, lafiya lau, kamar su ma 'yan majalisa ne.

Daga ranar Hashimu bai ƙara samun sukuni ba. Ya sa aka sassare rassan da suka hau kwano, abin ya ɗan motsa, bai kai ba, don bedin ya fi zauren tsawo sau biyu. Ya je wurin mai walda a yi masa dogayen ƙarafan da zai ɗora farantan a tsakar gida, aka faɗa masa kuɗin da ya fi ƙarfinsa, ya dawo. Ya roƙi maƙwabcinsa aron rufi, maƙwabci ya ce ba ya son hawa da sauka a kan iyalinsa. Ya tafi ofishin su Jamilu neman a ɗaga masa ƙafa, aka ba shi haƙuri da daɗin baki, wai na'ura ce ke kullewa ba mutum ba. Da azumi a bakinsa yake wannan zirga-zirga a ƙasa, tunda babur ya tafi. Ya rame, wuya ya fito. In ya zo majalisa ba ya zama, sai ya zagaya bedin, ya dubi sama, ya dubi kwano, yatsu na motsi amma bakin ya daina faɗin lissafin. Mu duka mun san abin da yake aunawa. Ko bedin ya tafi, ko sola ta tafi da kuɗin babur a cikinta.

Ni na faɗa masa ra'ayina ba kwana-kwana. Na ce, "Wallahi ka taɓa itacen nan, ni da kai sai gaisuwa."

Ya ce, "Kai za ka ciyar mani da ɗiya? Inuwa za su sha da buɗa-baki?"

Na tashi na bar masa wurin cike da haushi.

Ana saura 'yan kwanaki lokacin biyan kuɗin sola ya yi, Hashimu ya durƙusa gaban Baba Isiyaku bayan la'asar. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ido, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har gaisuwa ta ƙare masa.

Baba ya ce, "Faɗi abin da ke bakinka, ɗan Yahaya. Tun shekaranjiya nike jin takunka shina zagaya ni."

Hashimu ya faɗa, kansa a ƙasa.

Baba ya daɗe yana shafa bawon itacen da bayan hannu. Sannan ya ce, "Ubanka ya dasa shi don ɗiyanshi su ji daɗi. In yanzu jin daɗin nasu na ga sare shi, ni wane ne? Ni baƙo ne nan, zama kawai nike yi. Allah Shi sa albarka."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Hashimu sauƙi.

Masu saran suka zo da safe da injin yanka. Hashimu ya nuna musu, ya juya ya kama hanya. Daga baya ya gaya mini har hasumiyar Gobarau ya kai a ƙasa, ya zauna gindin wani bango, wai ko a can yana jin ƙarar injin, alhali ba yadda za a yi ya ji. Ni na tsaya na gani, don wani ya kamata ya tsaya. Na yi hawaye, ban kuma ji kunya ba. Wani mai gidan burodi ya saye itacen, da kuɗin aka biya na wannan watan.

To ga abin da ke ƙona mini rai: lissafin Hashimu ya fita. Karo na farko a rayuwarsa. Goman ƙarshe na azumi layi ake yi a ƙofar gidan. Haulat ta ɗauki mai taya ta ƙulla leda. Yara suka yi kayan salla, aka biya wata biyu gaba, har ya fara maganar sake sayen babur. Duk wanda ya tambaye ni ko sola na biyan kuɗinta, dole in ce tana biya, don na gani da idona.

Majalisa kuwa ta watse. Wasu suka koma rumfar mai shayi, wasu bakin masallaci, wasu suka daina fitowa. Zauren da a da ake barcin rana a ciki ya koma kamar tanda. Hashimu ya sayo fanka babba ya kafa, ya shimfiɗa sabbin tabarmi, ya bi mu ɗaya-ɗaya yana cewa mu dawo, ga iska kyauta, ga ruwan sanyi. Muka je sau ɗaya don kara. Zaure ba ya ɗaukar mutum goma, kuma ba ka ganin mai wucewa balle ka tsokane shi. Sai ga masu gadin nasa na kyauta sun tafi, ya koma shi ke fitowa yana leƙen kwano.

Baba Isiyaku bai ƙara fitowa ba sai bayan ruwan farko. Ina wucewa da hantsi na hango shi ya biyo bango da sandarsa, kamar yadda ya saba. Ya kai daidai wurin, ya miƙa hannu zai dafa, hannun ya wuce. Ya tsaya. Ya laluba da sanda har ta bugi kututturen, ya zauna a kai, cikin rana.

Hashimu ya fito da gudu. "Baba, shigo zaure, akwai fanka."

"Nan na saba."

Hashimu ya rasa yadda zai yi. Ya shiga ya fito, ya sake shiga, ya ɗauko tabarma ya buɗe ta da hannu biyu, ya tsaya a kan tsohon yana tare masa rana. Sai ya ce, da sauri-sauri kamar mai talla, "Baba, ya tofo fa! Taɓa nan gefenka ka ji. Ruwan firiza nike zuba mashi kullum. Na yi lissafi, kafin ya kai kwano na gama biya, sai in ɗaga farantan sama. 'Yan shekaru kaɗan ne, zaya yi inuwa kamar da."

Baba ya sunkuya ya lalubo 'yan ganyen, ya murza ɗaya, ya kai hanci ya shinshina.

Ya ce, "Bedi ne kam. Allah Shi nuna ma masu rai."

Ya gyara zama, ya ɗora haɓa a kan sanda. Na tsaya ina jiran Hashimu ya gaji ya motsa, kamar yadda na san shi tun muna yara. Gumi na sauka ta gemunsa, tabarmar na sama, har aka kira azahar.