Jif Ɗin da Yaya Mamman Ya Bari

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Mamman makwancinsa a Kaura Namoda. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin motar da ya bari tana neman ɗauke mana ɗansa.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai gyaran inji. Da ya bar aiki sai hannun ya ƙi zama. Tsararrakinsa na kiwon tantabara, wasu na buga dara a gindin bedi, shi kuwa gawar motar soja yake bi. Da zarar ya ji za a yi gwanjon motocin da soja suka gama da su, ko a ina ne, sai ya saɓi jaka. Bayan kwana biyar a sauke mana abu daga bayan babbar mota, ba gilashi, ba fitila, tayoyi duk sun kwanta. Ni malamin makaranta ne, matsoraci kuma tun ina yaro, sai in tsaya daga nesa ina yi masa tsiya: "Yaya, wagga kuma gawar wa ka ɗauko muna?" Ya yi dariya ya ce, "Suma ta yi, Malam. Ba ni wata shida."

Huɗu ya tayar a rayuwarsa. Uku sun bar hannunsa tun yana raye. Ta huɗun, wata jif koriya mai taurin sitiyari, ita ce abokiyar tsufansa.

Yana da wata al'ada da ba ya ƙetarewa. Kafin ya taɓa inji, sai ya sa zarto ya yanke ƙarfen nan na baya da ake girka bindiga a kai. Sannan ya dafa motar ya ce, "To, daga yau kin yi ritaya." A gurbin ƙarfen ya yi waldar benci biyu. Ƙarfen jif ɗin nan kuwa ƙafa uku ya yi masa da zobe a sama, ya ba matarsa Yaya Hajara ta ɗora randa. Har gobe a kansa randar gidan take.

Kai, motar nan ta yi bauta! Da damina, in hanyar Ɗan Isa ta zama taɓo, ita ke fito da mai naƙuda. Da kaka ta kwaso damman gero. Ta kai kayan amare Shinkafi ban san iyaka ba. In muka shiga kasuwar Zurmi mutane kewaye ta suke yi, a Moriki kuma Fulani su tare mu da ƙwaryar nono. Korenta bai taɓa firgita kowa ba.

Abu ɗaya tak na iya koya daga gare shi: kada a murza makulli sai an duba baƙin mai. Ya maimaita mini har na ƙosa. Bayan rasuwarsa ni da ɗansa Bashir muka ci gaba da tayar da ita duk Juma'a don kada ta mutu. Amma zamani ya juya mana baya, 'yan bindigar daji suka addabi yankin. Wata rana muna tayarwa sai muka ji ihu, matan maƙwabta sun suri 'ya'yansu sun yi ɗaki, wani tsoho ya faɗi a bakin masallaci. Tun daga ranar muka lulluɓe ta da kara, kuma sai na bi gida gida na yi sanarwa kafin a taɓa makulli. Yaya, da ka ga wannan, me za ka ce?

Makon jiya bayan la'asar 'yan sa-kai uku suka yi sallama da ni. Shugabansu ɗalibina ne a firamare, kuma ƙannensa biyu aka kashe a hanyar Moriki. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malam, motag ga muka biɗa. Babura sun gaza muna. Kuma an ce ƙarfen bindigar na nan cikin gida." Wallahi ban ga laifinsa ba, kuma har yanzu ban gani ba. Na ce su ba ni zuwa Juma'a.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, duk garin nan ba mai iya tuƙa jif ɗin nan sai Bashir. In ta fita, shi ne a sitiyari. Koriyar mota a hanyar Zurmi ana hango ta tun daga nesa, kuma kowa ya san wanda ake fara nema a cikin mota. Masu kai rahoto daji ma sun san gidan da take kwana. Bashir magidanci ne yanzu, matarsa ko arba'in ba ta yi ba. Amma ransa ya tafi ga bin 'yan sa-kan. Ya ce mini, "Baffa, da Baba na da rai da ya ba su."

Na juya maganar nan kwana uku. Mutumin da bai taɓa hana kowa motarsa ba, zai hana yau da ake cikin wannan hali? Mutumin da ya yanke ƙarfen da hannunsa, zai yarda a mayar? Ban sani ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Yaya Hajara ce ta raba mini gardama. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, miji na riga na ba ƙasa. Ɗa guda gare ni."

Ranar Litinin da hantsi, Bashir na kasuwa, na bi maƙwabta na yi sanarwa kamar kullum. Na yaye karan, na kwanta ƙarƙashin motar da tsufana, na kwance noti, baƙin man ya tsiyaye cikin daro har ɗigon ƙarshe. Sannan na murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi, don gyaran Yaya ba ya ba da kunya. Na taka totur na riƙe. Ƙarar ta soma sauyawa, ta koma kamar ana dukan tukunyar ƙarfe, hayaƙi ya turnuƙe gidan, sannan injin ya buga. Yaya Hajara na tsaye ta dafa randa. Ni ne na yi kukan.

Bashir bai yi mini magana ba tun ranar. Jibi Juma'a mutanen za su dawo, kuma da bakina zan gaya musu abin da na yi. Me za su ɗauke ni, me za su ɗauki gidan, ban sani ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Na daɗe ina zaton motar ce abin da Yaya ya bar mana. Yau da safe na ga Bashir ya fito, fuska a murtuke, ya ɗebi ruwa a randar nan ya sha, ya wuce ni ko gaisuwa babu. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, na ce alhamdu lillahi. Ya shekara yana fushi da ni, na yarda, in dai da ƙafarsa zai riƙa wuce ni. Allah Ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini.