Littafin da Na Tura Tun Ban Kai Ƙarshensa Ba

Ko zan manta da komai na zamana a Doha, ban da abin da wani littafi ya jawo mini. Lokacin kullen korona ne, ina karatun digiri na biyu, an rufe makaranta, na maƙale a wani ɗan ɗaki a unguwar Al Muntazah. Kaɗaici ya sa na shiga saukar da littattafan Turanci a waya, duk wanda na ci karo da shi.

A ciki na samu labarin wasu abokai biyu maza da suka yi jami'a tare, suka rabu shekaru, sannan suka sake haɗuwa. Tun babin farko ya kama ni. Suna ci a kwano ɗaya, suna aron rigar juna, sak ni da wani aminina da muka sha garin kwaki tare a Zariya, wanda rabona da shi tun bautar ƙasa. Har ƙwalla na yi. Ni kuwa akwai ni da garaje. Ko rabi ban kai ba na tura masa littafin, na rubuta: "Mutumina, karanta wannan, labarinmu ne. Duk abin da na kasa faɗa maka yana ciki."

Washegari da la'asar na ci gaba da karatu ina kurɓar shayi. Na ga suna yawan riƙe hannu, na ce ai mu ma haka muke yi a gida, zumunci ne. Ban yi nisa ba sai ga sumba. Ashe labarin soyayya ne a tsakaninsu! Shayin ya sarƙe ni. Na yi wuf zan goge saƙon, na tarar ya riga ya gani, har ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Kunya ta hana ni yin bayani. In rubuta, in goge. Littafin dai sai da na ƙarasa shi, ina salati ina juya shafi, don ina son ganin ko mai taurin kan cikinsu zai sauko. Daga nan gaisuwarmu ta koma daga sallah sai sallah. Abin ya yi mini ciwo, na riga na saddaƙar na rasa amini.

Ana gab da fara gasar cin kofin duniya sai ga saƙonsa, wai ya samu tikiti, yana tafe. A filin jirgi na ware hannu zan rungume shi, ya miƙo mini hannu daga nesa kamar mai karɓar rasit. Na kai shi wani gidan abinci a unguwar Najma, na ce a zubo mana shinkafa a faranti ɗaya. Ya yi caraf ya ce, "A raba mana."

Sai da ya yi gyaran murya sannan ya ce, "Mutumina, na karanta har ƙarshe. Ka san ina da iyali, ba zan iya ba. Amma ban faɗa wa kowa ba, kuma duk yadda kake, ba zan yar da kai ba."

Dariya ta ƙwace mini har mai kawo abinci ya leƙo. Da ƙyar na yi masa bayani. Ya saki baki yana kallona, can ya ce, "Amma kai ɗan iska ne! Shekara biyu ina haddar jawabin nan!" Sai ya rage murya: "To amma tsakani da Allah, wancan na cikin littafin da ya ƙi ɗaga waya bai kyauta ba." Muka kaure da musu a kan mutanen littafi, yana magana yana juye shinkafarsa a farantina.

Tun daga ranar ba na tura wa kowa littafi sai na ga bangon ƙarshe. Na kuma gane wane ne amini: wanda ya zaci hakan a kaina, ya riƙe sirrina, kuma ya hau jirgi ya zo.