Ɗakin da ba namu ba ne idan Hajji ya zo

Kowa a danginmu cewa yake na fitar da kakannina daga gidan unguwar Misfala a nan Makka ne don na gaji da hawan bene. Ƙarya ne, ƙafafuna lafiya lau. Kakana ne gwiwa ta fara hana shi sauka masallaci, kakata kuma sai ta zauna a kowane hawa tana haki. Gidan ya yi musu girma, haya kullum hawa take. A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina aiki a shagon abaya, ga ni da gaggawa, ba na son a maimaita min magana.

Na sha yawo. Duk ɗakin ƙasa da na gani ya fi ƙarfinmu. A unguwar Utaibiyya wani mai gida ya tambaye ni wa zai tsaya mana, tunda tsofaffin ba su da igama, wato takardar izinin zama. Daga ƙarshe wani dillali ya nuna min 'yar shagga, ɗaki da falo, ba matakala ko ɗaya, masallaci a bakin layi, ga araha. Ba zan yi masa sharri ba, ya gaya min sharaɗin: idan Hajji ya gabato 'yan haya su kwashe, a zuba alhazai. Na san al'adar sarai. Amma na ce a raina wa zai iya korar tsofaffi biyu? Na ɓoye musu, muka tare. Da kakata ta tambaye ni me ke bayan wannan arahar, na ce mata ita ko zamzam aka miƙo mata sai ta shinshina.

Zulƙida na shigowa, ina shirin aikin hidimar alhazai a Mina, mai gidan ya iso da motar katifu. Bai ɗaga murya ba. Ya sumbaci kan kakana, ya ce masa da wannan watan yake ciyar da iyalinsa shekara. Inda muka samu kawai shi ne ɗakin kwano a rufin gidan kawuna, can ƙololuwa, cikin wannan zafin. A kujera aka hau da kakana. Bayan Hajji na koma, an ba wani shaggar.

Har yau kakana bai sauko ba. Yana tsokanata, wai amaryarsa ta kai shi kusa da sama tun kafin a kira shi. Amma idan aka yi kiran salla sai ya juya fuska bango.

Ku da kuke nema wa tsofaffinku wuri a garin nan, kada ku jingina da tausayin mai gida, kuma kada ku ɓoye musu sharaɗi. Ni dai na daina duba kusa da Harami. Bayan gari zan nufa, ko ina ne, muddin ɗakin ƙasa ne na shekara cur. Kafin in ce na karɓa kuma, sai na kai kakata ta zauna da mai gidan ta yi masa duk tambayar da take so.