Maiƙon Kan Ruwan Kifin Baba

Ban taɓa neman kifi ba, shi ya same ni. Wata hajiya ce a unguwar Rayfield ta Jos da nake yi wa ɗinki, aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta tsaya rabon tarkacen gida. Wasu suka samu kujeru, wasu labule. Ni da na shekara bakwai ina yi mata ɗinkin sallah, rabona ya faɗa kan wani akwatin gilashi da bai fi kamu ɗaya da rabi ba, da ɗan famfon da ke juya ruwansa, da jajayen kifaye huɗu a bokiti. Na yi godiya kamar fili aka ba ni. A zuciyata kuwa cewa nake, waɗannan ko miya ɗaya ba za su yi ba.

Na ɗauko tasi har gidanmu a Unguwar Rogo, na rasa inda zan ajiye shi, sai na kai ɗakin mahaifina. A lokacin wata biyar ke nan da rasuwar innarmu, kuma tun daga ranar Baba ya naɗe ƙafa. In ka cire masallacin ƙofar gida, babu inda yake zuwa. Mutumin da a da yake taka rabin garin Jos da ƙafa kafin azahar, ya koma kwanciya yana kallon bango. Abinci loma uku, magana ba ta kai haka ba. In faɗi gaskiya, tsoro nake ji kada ya bi ta.

Kwana uku da zuwan kifin na shiga gaishe shi, na tarar ya juya tabarmarsa tana fuskantar akwatin.

"Me suke ci?" ya tambaye ni.

Na nuna masa ɗan gwangwanin abincin kifin da hajiya ta haɗo ni da shi. Ya ɗebo abincin, fale-fale kamar takarda, ya murza tsakanin yatsunsa, ya taɓe baki.

"Baƙo ya sauka a gidanka, ka riƙa ba shi takarda?"

Na yi dariya, na fita na gaya wa maiɗakina cewa yau Baba ya yi magana har jimla biyu. Cikin satin kuma ya fara aikawa a sayo masa ƙuli-ƙuli. Muka ce alhamdu lillahi, cin abinci ya dawo.

Ba a jima ba wani maiƙo ya fara kwanciya a saman ruwan, yana sheƙi idan haske ya taɓa shi. Kifayen suka riƙa tasowa suna buɗe baki a sama, alamar numfashi na yi musu wuya. Wata safiya muka tarar da ɗaya ya juya ciki. Baba ya kalle shi ya daɗe, ranar ko kunu bai sha ba.

Maiɗakina ce ta gano zancen. Ta ja ni madafa ta rage murya.

"Malam, ƙulin nan fa ba Baba ke ci ba. Na leƙa jiya, murmushe musu yake yi."

To, a gidanmu ba a cewa Baba ya yi kuskure. Ko hanya ya ɓata, cewa ake hanyar ce aka canza. Balle kuma yanzu in je in ce masa da hannunsa ya kashe abin da ya tayar da shi zaune. Na san bango zai koma kallo. Sai na yanke shawara irin ta matsorata: Baba ya ci gaba da zuba mai, ni kuma in ci gaba da kwashewa.

Na fara da ludayi, maiƙon yana gudu ina bin sa. Na koma shimfiɗa tsohuwar jarida a kan ruwan in ɗaga, abin ya yi, amma kafin la'asar ya dawo. Da na je wurin mai sayar da abincin kifi a cikin gari, ya nuna min hoton wata na'ura ta ƙasar waje mai zuƙe saman ruwa kaɗai. Ya faɗi kuɗinta, na ce Allah ya ba da kasuwa. Amma na ƙare wa hoton kallo. Tela ne ni, ba a nuna min samfuri sau biyu.

Na samo gorar ruwa ta roba, na yanke kanta da almakashin shago, na huda gindinta na cusa bakin famfon, na cika ta da soson da muke sa wa kafaɗar riga. Dabarar ita ce ruwan sama ya zubo cikin gorar, soso ya riƙe maiƙo, famfo ya mayar da tsabtataccen. A kaina abin ya fi na hoton kyau.

Na ɗaure ta a jikin gilashi na kunna. Ta fara ƙara kamar ana kurɓar koko mai zafi, tana haɗiyar iska, kifaye suka watse zuwa kusurwa. Maiɗakina ta yi dariya har da riƙe bango. Na sauke gorar ƙasa kaɗan, ƙarar ta mutu, amma maiƙon yana nan zaune abinsa, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa. Na ɗaga, ƙara. Na sauke, banza. In na yi sa'a na daidaita ta da safe, kafin washegari ruwa ya ja baya ta sake kurɓa. Gora uku na yanka cikin kwana goma, raina ya ɓaci har na fara yi wa roba faɗa. Duk wannan Baba na kan tabarma yana kallona.

Ina cikin yanka ta huɗu ya yi gyaran murya.

"Kai tela ne, ba ka san ruwa ba. Miƙo."

"Bari, Baba, ka huta, ni zan..."

Kallon da ya yi min ya sa na miƙa masa har da almakashin. Na manta, ko kuwa ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, cewa Baba ya yi ƙuruciyarsa a wankin kuza. Shekaru ya yi tsaye a bakin kwata a wurin haƙar ma'adinai, yana raba kuza mai nauyi da yashi marar nauyi da ruwa kawai.

"Ka ɗaure mata baki wuri ɗaya, shi kuwa ruwa hawa yake yana sauka. Bakin ne zai bi ruwa. Kuma fatar ruwan kaɗai ake so ta tsallaka, ba cikinsa ba."

Ya sa na kawo masa wata gorar da ta ɗan fi siranta, ya yanke ta kai da gindi, ya tsattsaga bakinta kamar haƙoran mataji. Ya yanko ƙananan guntaye daga tsohon silifas ya ɗaura mata a wuya don ta yi iyo, ya zura ta cikin tawa. Yankansa ya fi nawa miƙewa. Muka kunna. Babu ƙara. Sai ga maiƙon ya kama hanya daga kowace kusurwa yana zirarewa ta tsakanin haƙoran, kafin a kira azahar ana ganin fuska a ruwan.

Da yamma ya ce in ciro soson ya gani. Ya matse shi a tafin hannu, ya kai hanci. Ni ma daga inda nake tsugune na ji ƙamshin man gyaɗa.

"Ƙulin ne ko?"

Na sunkuyar da kai. "Shi ne, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Shi ne ka zauna kana ta yanka gora, maimakon ka buɗe baki." Ina jiran ya juya ya kwanta. Sai ya ce, "Wannan robar ma ba za ta yi ƙarko ba. Bututu ake so, biyu, ɗaya ya shiga cikin ɗaya ba tare da ya kama ba."

Na ce gobe da safe zan je kasuwar Laranto in sayo.

Na fito da safe na tarar da shi a zaure, da hula, da takalmin fita.

"In na bar ka kai kaɗai, shirme za ka sayo," in ji shi.

A kasuwa ya sa mai shagon ya sauke bututu ya fi goma, yana zura wannan cikin wancan yana girgiza kai.

"Baba, wane irin gida ne kana ginawa haka?" mutumin ya tambaya da tasa Hausar.

"Na kifi ne, oga. Kawo wancan na sama."

Ina tsaye a bayansa, daɗi ya cika ni har na kasa sa baki a cinikin. Da aka gama na saɓa bututun a kafaɗa na nufi inda ake hawa mota. Baba bai biyo ni ba.

"Ina za ka? Akwai wanda zan gaisar a wajen masu katako. Ɗaga ƙafa."

Sai bayan la'asar muka koma gida.