Damin Gonar Inna

Inna ta dawo hannuna a Gusau bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ni ce mace, ni ce kuma na yi ritaya daga koyarwa, sai kowa ya ga ai ba ni da abin yi. Da safe in ɗaga ta in goge mata jiki, in canza shimfiɗa, in dama kunu in ba ta da cokali, in juya ta ɓangaren hagu, an jima in mayar da ita dama don kada bayanta ya yi gyambo. Ba ta da nauyi a ido, amma ƙuguna ya san nauyinta. Na gaji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai ranakun da nake sallah a zaune don bayana ya ƙi miƙewa.

Yayana yana aiki a Bungudu. Yakan zo ranar Asabar da lemo a leda, ya zauna bakin gadon, ya tambayi jiki, sannan ya gyara murya ya kawo maganar gona. Gonar Inna ce ta gado daga mahaifinta, tana bayan Kucheri. Shawararsa ba ta canzawa: a sayar, a ɗauko mace mai taya ni jinya, a sayi katifar asibiti, saura a ajiye. Yadda yake jan kalmar saura ɗin nan ne ba ya yi mini daɗi. Amma gaskiya ni ma ina son a sayar. Fanshona sai ya ga dama yake zuwa, mai kemis kuwa ya fara gaishe ni da ka kawai.

Gonar tana hannun ɗan kawuna, aro. A wajenmu wanda aka ba aron gona yakan kawo wa mai ita dami duk kaka. Ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa ya san gonar ba tasa ba ce. Shekarar da dami ya daina zuwa, to magana ta canza, sai a shirya zuwa gaban dattawa. Shi bai taɓa fashi ba. Zai sauko daga mota da damin gero a ka, ya dire shi a tsakar gidana, ya ce da ni in zo in yi sussuka in har boko bai cinye mini hannu ba. Abokin wasana ne, sai in ce masa ya kwashe tsiyarsa, gidana ba rumbu ba ne. Inna kuwa sai an zaro mata kai ɗaya an sa mata a hannunta mai lafiya. Ta murza, ta shinshina, ta sa albarka. Sauran ya zauna a lungu yana tara mini ɓeraye.

Duk lokacin da aka kawo maganar sayarwa sai ta juya fuska bango. Ranar da ta yarda, faɗuwa muka yi ni da ita. Ina ɗaga ta daga kan fo ƙafata ta zame, muka zube tare, na kasa tashi, ita ma ba dama. Muka daɗe a ƙasa ina kuka kamar yarinya. Da maƙwabciya ta taimaka muka mayar da ita gado, sai Inna ta ce, "Tafi Tsafe ki gane ɗan kawunki. In ta sayu, ku sayar."

Na bar ta da maƙwabciyar na shiga mota. Hanyar Tsafe yanzu ba a hira a cikinta, kowa carbi yake ja yana kallon daji. Ɗan kawuna ya baro ƙauye ya dawo cikin gari, wannan na sani, amma na ɗauka yana zuwa gona daga nan. Na same shi a ɗaki guda na haya, da matarsa da 'ya'ya, yana faskare ana biyansa. Ya yi mini wasan da ya saba, na rama, aka kawo ruwa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wa za ya saye ta?" ya ce. "Tun da mutanen daji sunka tare wajen, ba wanda ya sake sa fartanya. Sabara ta cinye ta. Ko kyauta kika ba mutum, ba shi zuwa."

Na ce to damin da yake kawowa fa.

"Saye nikai. In ban kawo ba, a ce na riƙe gonar Gwaggo. In na hwaɗi gaskiya kuma, in kashe ta da ranta."

Mutumin da ke faskare don ya ci, shi ke sayen dami ya biya mota ya kawo mini, ni kuma ina ce masa ya kwashe. Haushi na ji, ban san ko na wa ba. A hanyar dawowa ban ja carbi ba, lissafin mai taya jinya da katifar asibiti nake ta warwarewa a raina, har muka shigo Gusau.

Na tarar da Inna ta ɓata shimfiɗa. Sai da na wanke ta, na shafa mata mai, na jingina ta da matashi, sannan na zauna ina neman yadda zan fara. Ita ta riga ni.

"Ba ta sayuwa ko?"

Na ce wa ya gaya mata.

"Geron. Irin gonarmu gajeren kai gare shi, da gashi, tsuntsu bai iya mai. Wanga da yaka kawowa zango ne, mai dogon kai. Tun shekarar farko na gane."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta sani, ta bar ni ina gina rai a kan gonar da babu, ta bar ni na bi wannan hanya, ta bar bawan Allah yana sayen dami da kuɗin faskare. Na faɗa da ƙarfi, fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi wa uwa magana.

"Ke kina nan, ko da gona ko babu," ta ce. "Yayanki fa? Ki bar shi da gonar. Kada ki hwaɗa mai."

Ranar Asabar yayana ya zo da lemonsa. Ya zauna bakin gadon, ya riƙe hannunta, ya tambayi jiki. Sannan ya gyara murya ya juyo gare ni, ya ce ya ji na je Tsafe, yaya aka yi. Inna tana kallona. Na ce masa ana kan magana, masu saye ba su daidaita ba tukuna. Ya ce madalla, zai dawo Asabar mai zuwa ya ji inda aka kwana.